Fitilar Skevos Ta Fi Tawa Sauri

Na san wasunku za su zage ni in sun gama karanta wannan. Ku zaga, na cancanta. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna, don ni kaina sai yanzu nake gane yadda abin ya faru.

Sunana Nomiki, sunan kakata aka sa mini. Shekaruna ashirin da shida, kuma a wajen Mama wannan lissafin kaɗai ya isa a yi mini addu'a ta musamman a coci. Mu uku ne a gidanmu na Nightcliff, a nan Darwin, tun rasuwar Babana: ni, da Mama, da Kaka. Da rana ina aiki a shagon tabarau, ina auna idon mutane. In na tashi kuwa ina da wani aikin da ba a biyana ko sisi, wanda Mama take kira "ciwon Nomiki".

Akwai wani tsohon wasan gem da muke kira Mai Fitila. Ya girme ni. Wani ɗan mutum ne da fitila a goshi, yana ratsa ramin haƙar ma'adinai har ya fito. Mu wajen ɗari huɗu ne a duniya da muke tseren gama shi, wa zai fi kowa sauri, kuma muna da jerin gwanaye. Duk wanda ya yi gudu mai kyau sai ya turo bidiyonsa a tantance. Ni ina cikin masu tantancewar, domin ni kaɗai ce a ƙasar nan nake da ainihin tsohuwar na'urar wasan, wadda Babana ya saya a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Japan. Sauran mutane da kwamfuta suke yi, da wata manhaja da take kwaikwayon na'urar.

A nan na haɗu da Skevos. Shekara guda muna gardama a rubuce, ban san mutumin da nake ce wa "hannunka kamar na mai dama siminti" shi ne ɗan Baba Sakellaris mai shagon kifi ba, wanda nake wuce ƙofarsu kullum. Ranar da muka gane juna, ya miƙo mini ƙunshin jatan lande, ya ce, "Ranki ya daɗe alƙaliya, wannan ba cin hanci ba ne." Na yi dariya har na ƙware. Daga nan ne fa.

Da Mama ta ji labari sai da ta kunna kyandir uku a coci don godiya. Ɗan tsibirin da iyayenmu suka fito, ɗan cocinmu, ga sana'a a hannu. Kafin wata shida an sa rana: ranar Lahadi iyayensa za su zo cin abincin rana a ba da kalma, wato manya su zauna a tsayar da maganar aure.

Saura kwana tara Lahadin, Skevos ya gama Mai Fitila a minti arba'in da takwas da sakan ashirin. Ya doke Desmond, wani direban bas a Hobart da ya riƙe kambun shekara shida, da sakan goma sha ɗaya. Aka gayyace shi babban taron 'yan wasa a Melbourne ya hau dandali. Ku da ba ku san Baba Sakellaris ba, ba za ku gane girman abin da ya biyo baya ba. Mutumin da tun Skevos yana ɗan shekara goma yake ce masa "mai danne-danne", mutumin da ya taɓa jefa masa abin wasan a kwandon kan kifi, shi ne ya riƙa tare masu sayayya yana cewa, "Ɗana ne na ɗaya a duniya. Duniya fa na ce, ba Darwin ba." Skevos ya kira ni a waya. Ya ce, "Miki, ya dafa kafaɗata. Kin ji? Dafawa ya yi."

Dokarmu ita ce sabon na ɗaya sai mutum biyu sun sa hannu. Bronwen, shugabarmu da ke Adelaide, ta duba ta wuce da shi. Saura ni. Ta rubuto mini: "Na san tsakaninku, amma na fi yarda da ke a kan agogon hannuna. Zuwa Asabar da rana ya isa."

Ranar Alhamis ba ni da aiki. Zafin nan ne na gab da damina, wanda ko ka yi wanka kafin ka ɗaura tawul ka sake jiƙewa. Na zauna ƙarƙashin fanka da guntun wando da tsohuwar rigar Babana, na kunna bidiyon ina shan mangwaro. Minti biyar da farawa na ajiye mangwaron. Kiɗan ne. Na ji kiɗan nan sau dubu tun ina rarrafe, sai na ji kamar wani yana tura makaɗan daga baya kaɗan-kaɗan.

Na ce wa kaina, ke dai kin cika tsiya, duba kusurwa mana. A kusurwar bidiyon manhajar tana rubuta yawan hotunan da wasan yake fitarwa a kowane sakan. Gem ai hotuna ne ke bin juna da sauri, kuma na'urar asali sittin take fitarwa a sakan. Lambar ta ce sittin. Daga farko har ƙarshe, sittin, ko motsi ba ta yi.

Da na tsaya a nan, da yanzu ina zaɓen kalar labule.

Amma fitilar goshin ɗan mutumin nan tana ƙyaftawa sau ɗaya duk bayan hoto talatin, wato sau biyu a sakan, ko ana gudu ko ana tsaye. Minti goma, ƙyaftawa dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan. Na yanko minti goma daga bidiyon Skevos, na rage masa gudu, na ɗauko biro da bayan takardar kuɗin lantarki ina jan layi. Dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin. Na ce na ɓata lissafi. Na sake. Na yanko wani wurin daban, na sake. Ashirin ɗin nan tana nan daram.

Sittin da ɗaya wasansa yake gudu, ba sittin ba. Hoto ɗaya tak a kowane sakan. Amma a minti arba'in da takwas, hoto ɗayan nan ya ba shi kyautar sakan arba'in da takwas. Ba ya gaban Desmond da goma sha ɗaya. Yana bayansa da talatin da bakwai.

Haka Mama ta same ni, ta shigo da rigar da ta karɓo daga tela a rataye a hannu. Shuɗiya ce mai duhu, dogon hannu na leshi, da ƙananan maɓallai goma sha biyu a baya.

"Tashi ki gwada. Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

Na yi wautar gaya mata. Ta saurara tana gyara wuyan rigar, sannan ta ce, "To, shi ya yi da gangan?"

"Ban sani ba, Mama. Ba na zato."

"Akwai wanda ya sani ban da ke?"

"Babu."

"To me ya rage? Ki sa hannu ki zo ki gwada riga."

"Mama, haƙƙin wani ne. Desmond..."

"Desmond ɗin ƙanin ubanki ne? Shi zai aure ki? Nomiki, ki dube ni. Shekara huɗu ina zama a coci ina jin matan nan suna tambayata, 'Yaya 'yar taki, har yanzu tana wasan yara?' Yanzu Allah ya kawo wanda haukanku ya zo ɗaya, za ki kore shi a kan ƙyaftawar fitilar gem?"

Kaka tana baranda tana naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, ashe kunnenta yana ɗakin. Ta ɗaga murya: "Takwara, hoto nawa aka sace ne?"

"Ɗaya, Kaka. A kowane sakan."

"Ɗaya? Ni kakanki ya ce mini yana da jirgin ruwa uku, na zo na tarar da kwale-kwale ɗaya mai yoyo. Shekara hamsin muka yi."

Mama ta ce, "Kin ji ko."

Kaka ta ce, "Ban ce ta ji komai ba. Har ya mutu ina yi masa gori."

Washegari Juma'a, da na tashi aiki ƙarfe uku, na kinkimi ƙaramar talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya da na'urar Babana na sa a mota. Ɗakin Skevos yana saman shagonsu. Ya sauko ya karɓi talabijin ɗin, da farin takalmin roba a ƙafarsa da ɓawon kifi a gashin hannunsa, yana tsokanata.

"Kayan ɗaki tun yanzu? Ai sai ki bari a ba da kalmar."

Ban yi dariya ba. Ya kalle ni, shi ma ya daina.

Na ajiye tawa kusa da kwamfutarsa, na ce ya buɗe wasan yadda ya buɗe shi ranar. Muka tsayar da 'yan mutanen biyu a bakin rami, nasa da nawa, na ƙirga uku muka sake su tare. Fitilun suka fara ƙyaftawa a tare kamar tagwaye. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Can sai tasa ta fara zamewa. Kafin sakan goma sha biyar, in tawa ta kunna tasa ta mutu, in tasa ta kunna tawa ta mutu.

Ya nuna kusurwa da yatsa. "Amma ga shi nan, sittin."

"Manhajar ai abin da aka ce mata ta yi take faɗa, ba abin da take yi ba. Yaushe ka canja gilashin kwamfutar, wannan allon da kake kallo?"

Ya ce, "Wata biyu. A hannun wani na saya."

"Shi take bi. Gilashin yana ɗan sauri, ita kuma tana binsa a baya, wasan yana bin ta."

Ya zauna a bakin gado. Wata biyun nan ne ya riƙa ce mini hannunsa ya buɗe, lokacinsa sai sauka yake yi. Na ga yana wannan lissafin a fuskarsa, kuma a take na san bai sani ba. Mai ha'inci ba ya yin irin wannan fuskar. Daga ƙasa muryar babansa tana tasowa ta tagar katako, yana ce wa wata mata, "Na ƙara miki biyu, yau ma gidan zakara kika zo."

Skevos ya rufe ido. Ya ce, "Nawa?"

"Sakan arba'in da takwas."

"Ke nan ko kusa ban yi ba."

"Na biyu ne kai a duniya, Skevos. Na biyu fa."

"Je ki gaya masa na biyu." Ya nuna ƙasa da haɓa. Sai kuma ya sassauta murya. "Miki, zuwa yaushe Bronwen ta ba ki?"

"Gobe da rana."

"Ba za ki iya... a wuce Lahadi kawai. Ya zauna a teburinku sau ɗaya yana alfahari da ni. Bayan nan a yi duk abin da za a yi." Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. "A'a. Manta na faɗa. Ki yi aikinki, alƙaliya."

Ya mayar mini da talabijin mota. Har na tada mota ina ganinsa a madubi, tsaye a rana, hannuwa a aljihu.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne.

Asabar da safe gidanmu ya zama kamar ana biki. Mama ta cusa wa ɗan akuya shinkafa da kirfa, ta fito da faranta masu bakin zinariya da ba a taɓa su ba tun ranar sunana, ta sa na goge cokula ɗaya-ɗaya. Ba ta sake yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Wucewa kawai take yi ta shafa kaina. Sau ɗaya na shiga kicin na tarar tana share ido a gaban hoton Babana, tana ce masa, "Gobe ne fa." Na tura wa Skevos saƙo uku. "Ka ci abinci?" "Ka yi mini magana." "Don Allah." Duk ya buɗe, babu amsa.

Sha biyu saura minti goma Bronwen ta rubuto: "Yaya, malama? Mutanen Melbourne suna jiran mu tabbatar."

Na shiga banɗaki na kulle. Na zauna a bakin baho da wayar a hannu, gumi yana bin bayana. Na ce wa kaina ai ba da gangan ya yi ba. Na ce Desmond ya ci shekara shida, ya isa haka. Na ce bayan biki sai in ce na gano kuskure, a gyara a hankali. Kun san yadda zuciya take iya kawo hujja in tana son abu.

Na rubuta: "Na duba. Babu matsala."

Na tura.

Ban kai ga tashi ba wayar ta yi ƙara. Ba Bronwen ba ce. Zauren hirar 'yan wasan ne na intanet gaba ɗaya, mutum ɗari huɗu, kuma Skevos ne ya yi rubutu:

"Na janye gudun da na turo. Wasana yana tafiya a sittin da ɗaya ban sani ba. Nomiki ce ta ƙirga, jiya ta zo har gida ta nuna mini da idona. Kambu na Desmond ne. Desmond, ka yafe mini kwana takwas da na ara. Duk mai irin gilashina ya auna nasa, kar ya yarda da lambar kusurwa."

Minti ɗaya tsakanin saƙona da nasa. Na duba sau goma. Minti ɗaya.

Zaure ya kama da wuta. Desmond ya rubuto daga wurin hutun direbobi cewa bai taɓa ganin namiji irin wannan ba. Mutane suka yi ta jero mini yabo: Nomiki mai gaskiya, Nomiki da ko saurayinta ba ta ragawa. Kowane yabo kamar a watsa mini ruwan zafi. Ita kuwa Bronwen layi ɗaya ta turo mini ni kaɗai: "Jiya kika nuna masa, yau kika ce mini babu matsala?" Na goge saƙona, alhali na san ta riga ta gani.

Lahadi muka dawo coci, na sa shuɗiyar rigar, Kaka ta ɓalla mini maɓallan tana mita yatsunta sun tsufa. Mama ta sa mini 'yan kunnen lu'ulu'un da ta yi aure da su. Ƙarfe ɗaya aka ce. Ɗaya ta yi, ta wuce. Ɗaya da rabi man ɗan akuya ya fara daskarewa a faranti. Mama tana kai da kawowa tsakanin taga da tebur, ba ta ko kallona. Da za ta yi magana sai ta ce, "Kin huta. Ki auri fitilar."

Biyu saura kwata muka ji tsayuwar mota. Motar kifi ce. Baba Sakellaris ne ya fito shi kaɗai, da baƙar kwat a wannan zafin, ya hawo matakala yana haki. Babu matarsa, babu Skevos. Ya gaida Kaka, ya gaida Mama, ya ƙi zama.

"Ina mai ƙirgar?"

Na fito daga bayan Mama. "Ga ni, Baba."

Ya daɗe yana kallona. "Jiya Skevos ya sauko ya same ni a gaban mutane, ya ce, 'Baba, ka daina cewa na ɗaya, na biyu ne.' Na ce wa ya ce? Ya ce ke. Na yi masa ihu, na yi wa uwarsa ihu, na yi wa firji ihu." Ya ciro hankici ya goge wuya. "Yau da safe ina aske gemu na ce, Sakellaris, kai jaki ne. Yaron da zai mayar da abin da ba wanda ya ƙwace masa, da yarinyar da za ta gaya wa mijin da za ta aura gaskiyar da ba ya so. Ina za ka samu irin wannan a kasuwa? 'Yata, in kin shigo gidana, ke za ki riƙe sikeli."

Mama ta fashe da kuka. Kaka ta ce, "To ina angon? Ko shi ma sakan talatin da bakwai yake baya?"

"Yana ɗaki ya kulle kansa. Tun Juma'a bai ci abin kirki ba. Wai kunyarta yake ji, wai ya roƙe ta abin da bai kamata ba, bai isa ya zauna a teburinta ba. Na ce in ja shi da kunne, uwarsa ta hana."

Wayata ta motsa a tafin hannuna. Na saci kallo. Bronwen: "Ba zan fallasa ki a zaure ba. Amma shi yana can yana bautar gaskiyarki. Ko ki gaya masa yau, ko ni in gaya masa gobe."

Na ce, "Baba, kar a ja kunnensa. Ni zan je."

Mama ta ce, "A danginmu ba a taɓa yin wadda ta je ɗauko miji ba!"

Kaka ta ce, "An taɓa. Ci gaba da kukanki."

A motar kifi na tafi, da leshi da lu'ulu'u, ina zaune a kan jarida don kar rigar ta ɗauki ƙarni. Baba Sakellaris yana ta ba ni labarin yadda zai gyara mana saman shago, ni kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga kaina. Ya tsaya a ƙasa, na hau ni kaɗai. Na ƙwanƙwasa.

"Na ce ba na jin yunwa, Mama."

"Ni ce."

Sai na ji ya matso, har ina jin numfashinsa a jikin ƙofar.

"Miki, ki koma gida. Ban iya haɗa ido da ke ba tukuna. Na san da na roƙe ki sau ɗari ma ba za ki yi ba, shi ya sa abin yake cina. Ke ba ki taɓa yin ƙarya ba ko don ni, ni kuwa na buɗe baki na ce ki yi."

Na jingina goshina da katakon. Zan iya yin shiru a nan, 'yan uwa. Zai buɗe ko ba jima, a koma a ci ɗan akuya, a ba da kalma, in lallaɓa Bronwen daga baya. Na ji wannan tunanin ya zo, da irin muryarsa mai daɗi ta ranar Asabar, na gane shi.

Na buɗe wayata, na nemo saƙon Bronwen na jiya, wanda ta maimaita maganata a ciki. Na durƙusa da rigar, na tura wayar ta ƙarƙashin ƙofa.

Na ce, "Karanta wannan. Ka duba lokacin da kyau. In ka gama, in har yanzu kana so, ka buɗe."

Na ji ya ɗauka. A ƙasa babansa yana fito yana jera kwalaben lemo a mota.

Sannan makulli ya juya.